Konyak ko Armanyak: Wanne Za Ka Ɗauko Daga Ƙaramar Gonar Iyali a Faransa?

Ɗan yayata da ke karatu a birnin Tulus na Faransa ya kira ni wani dare, muryarsa kamar ta yaron da aka aika kasuwa ya mance saƙo. "Kawu, don Allah ka fid da ni kunya. Baban yarinyar nan da zan aura yana ɗan taɓa barandi bayan tuwon dare, ina so in riƙo masa tsaraba ta mutunci in zan dawo Kirsimeti. Na shiga kanti na ga kwalabe sun fi ɗari, kaina ya ɗaure." Surukin nasa tsohon likita ne a Jos, haihuwar 1958, mutum mai sanin abin da yake sha. Na ce, "Kwantar da hankalinka, ɗana, ka buga inda ya dace." Na yi shekaru ina sayo wa wani otal kayan sha, kuma aikin ya kai ni kudu maso yammacin Faransa har sau biyu.

Na san mafi yawan masu jin Hausa ba sa kusantar giya, addini ya hana, kuma ban zo in ja kowa ba. Wannan bayani na waɗanda ya shafa ne: ma'aikatan otal da gidajen abinci da baƙi ke yi wa tambaya, da waɗanda addininsu bai hana su ba, da mai son sanin yadda duniya take kawai.

Abin da na fara gaya wa yaron shi ne ya ajiye sunayen da ya saba gani a kulob-kulob na Legas da Abuja. Hennessy, Martell, Rémy Martin, Courvoisier, duk manyan 'yan kasuwa ne, kuma kayansu ba su da laifi. Amma wanda ke zaune a Tulus, tafiyar awa biyu kacal daga gonakin da ake yin abin, ya sayo kwalbar da ke kowane kantin filin jirgi, ai ya yi asarar tafiya. Zaɓi na gaskiya yana tsakanin abu biyu: Konyak na ƙaramin manomi, wanda a kwalba ake rubutawa Cognac, da Armanyak, wanda ake rubutawa Armagnac.

Tushensu ɗaya. Farin inabi ake matsewa a bar ruwan ya zama giya mai tsami, marar ƙarfi, wadda ba wanda zai so ya sha a haka. Sai a dafa ta a tukunyar jan ƙarfe a kama tururin, a zuba abin da ya tsatso a gangar itacen ok, a mance da shi shekaru. Wanda ya taɓa ganin yadda ake dafa ogogoro a kudancin Najeriya ya riga ya fahimci rabin aikin. Sunan barandi ma daga bakin 'yan kasuwar Holan ya fito, ma'anarsa giyar da aka ƙona.

Abin da ya raba su tun asali kogi ne. Garin Konyak yana bakin kogin Charente, wanda ke gangarawa teku, don haka tun ƙarni na 17 jiragen ruwan Holan da na Ingila ke zuwa lodi. Inda jirgi ke tsayawa kuwa, ɗan kasuwa ke zama. Jean Martell ya zo daga tsibirin Jersey ya kafa gidansa a 1715, Rémy Martin ya fara a 1724, Richard Hennessy mutumin Ayalan ya biyo baya a 1765. Har yau fiye da kashi 95 cikin 100 na Konyak ƙasashen waje ake kai shi, Amurka da Sin ne kan gaba, kuma a 2024 an fitar da kwalba sama da miliyan 150. Armanyak kuwa yana can cikin ƙasar Gaskoni, nesa da teku, sai a ƙarni na 19 aka gyara kogin Baïse har kwale-kwale ya riƙa ɗaukar ganguna. Ya girmi Konyak nesa ba kusa ba, don akwai rubutun 1310 na wani malamin coci, Vital du Four, da ya lissafa amfani 40 na wannan ruwa, amma ya zauna a hannun manoma. Abin da yake sayarwa a shekara 'yan miliyoyin kwalabe ne ƙalilan, kuma kusan rabi a cikin Faransa ake shanyewa.

Wannan tarihi shi ke bayyana abin da za ka tarar in ka je saye. A yankin Konyak akwai manoman inabi sama da 4,000, amma mafi yawansu ga manyan gidaje suke sayar da abin da suka dafa, kamar yadda kakanninmu ke kai gyaɗa ga kamfani a zamanin dalar gyaɗa ta Kano. Kaɗan ne ke riƙe wani kaso su sa a kwalba da sunan gidansu, kuma sau da yawa mafi kyawun gangunansu suke ɓoyewa don haka. A Armanyak, ƙaramar gona ita ce al'ada. Mutumin da ke noman masara yana kiwon agwagi, shi ne kuma ke da ganguna ashirin a bayan gida, wasunsu tun na mahaifinsa.

Inda ya kamata a tsaya a duba da kyau shi ne wajen dahuwa, domin a nan ɗanɗano ke rabuwa. Konyak sau biyu ake dafa shi a tukunya mai dogon wuya. Dahuwar farko na ba da ruwa mai ƙarfin kusan kashi 30 cikin 100, a sake mayar da shi tukunya, a ware na farkon fitowa da na ƙarshe, a riƙe tsakiya kawai, mai ƙarfin kusan kashi 70. Zagaye ɗaya na cin kusan awa 24, kuma doka ta ce a kashe wuta kafin ƙarshen ranar 31 ga Maris. Sakamakon ruwa ne tatacce, mai santsi, ƙamshinsa na tashi sama kamar na fure. Armanyak yawanci sau ɗaya ake dafa shi, a wata tukunya mai hawa-hawa da giya ke shiga ba tsayawa, tururi na ratsa ta yana kwaso ƙamshinta. Bisa al'ada yana fitowa da ƙarfin kashi 52 zuwa 60. Tun da ba a tace shi sosai ba, yana riƙe maiƙonsa da kaurinsa. Yana ƙarami yana da kaifi, kamar yaro marar kunya, amma wannan kaurin ne ke zama arziki bayan shekara 15 ko 20 a ganga.

Na ga wannan da idona wata Nuwamba a wata gona kusa da Eauze. Gonar ba ta da tukunyar kanta; akwai mai tukunya da ke jan ta da tarakta gona-gona, kamar mai injin casar shinkafa da ke bin ƙauyuka bayan girbi. An girka ta a rumfa, itace ake tura mata, mai ita bai runtsa ba kwana biyu don wutar ba ta son a juya mata baya. Kusa da ita aka shimfiɗa dogon tebur, maƙwabta suka taru ana cin naman agwagwa. Uwargidan, dattijuwa mai takalmin roba, ta kai ni ɗakin ganguna da tocila. Kowace ganga an rubuta mata shekara da alli. Ta zura wani bututun gilashi ta ɗebo, ta ɗiga mini a bayan hannu, ta ce in murza in jira barasar ta tashi tukuna in shinshina. Da na kai hanci, sai na ji maɗin ɗinya sak, irin wanda ake dafawa a ƙauyenmu, da ɗan kanumfari a bayansa. Ban taɓa jin barandi ya kai ni gida haka ba.

A gefen Konyak abin da ya tsaya mini a rai bango ne. A Jarnac da Segonzac za ka ga gine-gine sun yi baƙi ƙirin kamar gobara ta lashe su. Wani naman gwari ne ke rayuwa da tururin barasa da ke fita daga ganguna. A kowace shekara kusan kashi 2 cikin 100 na abin da ke ganga na bin iska, su kan kira shi rabon mala'iku. Ka lissafa wannan na shekara 30, za ka gane dalilin tsadar tsohon barandi ba sai an yi maka dogon bayani ba.

Inabin ma ya bambanta. Konyak kusan gaba ɗaya iri ɗaya ne, Ugni blanc, wanda aka rungume bayan ƙwaron filoksera ya cinye gonakin yankin daga shekarun 1870. Armanyak doka ta yarda masa iri 10, huɗu ne suka fi yawa: Ugni blanc, Colombard, Folle blanche, da Baco. Wannan na ƙarshe wani malamin makaranta mai suna François Baco ne ya haɗa shi a ƙarshen ƙarni na 19, kuma shi ke ba tsohon Armanyak wannan nauyi na busassun 'ya'yan itace. Folle blanche ya fi laushi da ƙamshin fure. In ka ga Armanyak na zallar Folle blanche, ka sami wanda ya fi kusa da halin Konyak.

Sai ƙasa. Konyak an raba shi yanki shida, kuma sunayen biyu na farko na ruɗa mutane: Grande Champagne da Petite Champagne. Ba ruwansu da giyar nan mai kumfa ta biki. Ƙasa ce mai farar alli, kuma barandinta na bukatar dogon zama kafin ya buɗe. Borderies shi ne mafi ƙanƙanta, Fins Bois kuma na saurin nuna, saura Bons Bois da Bois Ordinaires. In ka ga Fine Champagne, haɗin biyun farko ne, aƙalla rabi daga Grande. Armanyak uku ne: Bas-Armagnac mai jan yashi, wanda ya fi suna da laushi, Ténarèze mai yumɓu da farar ƙasa, mai ƙarfi da jinkirin nuna, da Haut-Armagnac da ba ya fitar da yawa. Ra'ayina, mutane na cika ɗaukar wannan rabo da zafi. Na sha Fins Bois na manomin kirki da ya fi Grande Champagne na malalaci, kuma Ténarèze mai shekara 25 ba ya sunkuya wa kowa.

Haruffan jikin kwalba suna faɗin shekarun mafi ƙuruciyar abin da aka haɗa a ciki. A Konyak, VS shekara 2 ne a ganga, VSOP 4, Napoléon 6, XO kuma 10 tun daga 2018, kafin nan 6 ne. A Armanyak VS na farawa daga shekara 1, VSOP 4, XO da Hors d'âge 10. Wannan mafi ƙaranci ne doka ta yanka. Babban kamfani da ke cika miliyoyin kwalabe ba shi da dalilin wuce iyakar da yawa, amma ƙaramin manomi kan rubuta XO a kan abin da ya shekara 20 ko fiye, don ba shi da wani suna da zai sa masa. A nan ribar saye daga iyali take. Kuɗinka na tafiya ga shekarun ganga, ba ga talla da mawaƙa da kwalin zinare ba. A kantunan da na leƙa, XO na manomi kan tsaya wajen rabin kuɗin XO na manyan gidaje, wani lokaci ƙasa da haka.

Hattara da kwalbar da aka rubuta wa Napoléon ko VSOP ko barandin Faransa amma babu kalmar Cognac ko Armagnac a jikinta. Waɗannan sun cika kantunanmu, kuma dokokin da na lissafa ba su hau kansu ba.

Akwai maganar ƙari da ba a cika faɗa ba. Doka ta yarda a yankunan biyu a ɗan sa ƙonannen sukari don launi, da ruwan sukari, da ruwan da aka jiƙa ɓawon itacen ok a ciki. Don haka duhun launi ba shaidar tsufa ba ne. Manyan gidaje na yin haka don kwalbar bana ta yi daidai da ta bara. Da yawa daga ƙananan gonaki ba sa sawa, amma ba duka ba, don haka ka tambaya kai tsaye. Manomin da ba ya sawa zai gaya maka da alfahari tun kafin ka rufe baki. Haka nan ƙarfi: Konyak da ya shiga ganga a kashi 70 yawanci sai an riƙa sassauta shi da ruwa sannu a hankali har ya sauko 40. Armanyak da ya shiga a 55 na iya saukowa da kansa cikin shekaru a ɗaki mai laima, a sa shi kwalba a 43 ko 46 ko 48 ba a taɓa shi da ruwa ba. In ka ga brut de fût, ma'anarsa ke nan: yadda ya fito daga ganga.

Babban abin da Armanyak ya fi Konyak da shi wajen tsaraba shi ne shekara. Al'adar Konyak haɗi ne, a gauraya ganguna da yawa na shekaru dabam-dabam har a sami ɗanɗanon gida. Konyak mai shekara ɗaya tak akwai shi, amma da wuya, don sai hukumar yankin ta sa ido a kan gangar, a rufe ta da hatimi ko a kulle ɗakin da makulli biyu. A Armanyak kuwa abu ne na yau da kullum ka shiga gona ka ce a ba ka na 1985 ko na 1998, kuma doka ta ce sai ya yi aƙalla shekara 10 a ganga kafin a sayar da shi da sunan shekararsa.

A nan na taɓa cin karo, bari in faɗa don kada wani ya maimaita. Tafiyata ta farko na ga kwalba a wani kanti an rubuta 1979 da manyan lambobi, na biya ina murna na sami tsohon kaya. Sai da na dawo na juya bayanta na ga ƙaramin rubutu: an sa a kwalba a 1991. Barandi ba ya tsufa a gilashi. Ranar da ya bar ganga, ranar agogonsa ya tsaya. Abin da na saya ɗan shekara 12 ne da ya yi zaman banza a kan kanta. Tun daga nan, lamba biyu nake nema: shekarar girbi, da shekarar mise en bouteille, wato ranar zubawa a kwalba. Ka cire ɗaya daga ɗaya. Gidan da bai rubuta ta biyun ba, ka tambaye shi. Ko a gona ma, in barandi ya kai shekara 40 ko 50, akan juye shi a manyan tulunan gilashi da aka saƙa wa kwando, don kada itace ya yi masa yawa ya koma ɗaci. Ke nan na 1958 ba lalle ne ya yi duk shekarun nan a ganga ba.

A baki fa? Tsohon Konyak na manomi yana shigowa a hankali: zuma, ɓawon lemo, busasshen fure, ɗan ƙamshin turaren sandal, kuma yana daɗewa a maƙogwaro ba tare da ya yi hayaniya ba. Tsohon Armanyak yana shigowa da sallama mai ƙarfi: ɗinya, dabino, ƙonannen sukari irin na alewa, masoro, wani lokaci har ƙamshin fatar da aka jeme. Dukansu in sun tsufa ƙwarai suna samun wani ƙamshi da Faransawa ke kira rancio, tsakanin tsohon man shanu da soyayyar gyaɗa da ƙasar da ruwan farko ya daka. Konyak ya fi tabbas: kwalba goma, tara za su yi daɗi. Armanyak caca ne kaɗan, don ganga ɗaya ba ta kama da 'yar uwarta. In ka dace ba ka mancewa, in ba ka dace ba ka sami mai kaushi da ɗacin itace. Shi ya sa ban son sayen Armanyak ban ɗanɗana ba, ko kuma ba daga hannun wanda na yarda da hancinsa ba.

Don haka in na otal ne, inda baƙo zai nemi abin da ya saba kuma kana bukatar kwalbar wata mai zuwa ta zo daidai da ta yau, ka ɗauki Konyak na manomi, VSOP ko XO. Haka in wanda za ka ba bai saba da barandi mai ƙarfi ba, ko kuma irin mutumin nan ne da sai ya ga sunan da ya sani yake jin an girmama shi. Kalmar Cognac a kwalba na yin wannan aiki. Gidajen da za ka fara da su a Grande Champagne: Paul Giraud a Bouteville, Jean Fillioux a Juillac-le-Coq, Ragnaud-Sabourin a Ambleville, Guillon-Painturaud a Segonzac. In kuwa mai shan ya riga ya san Konyak ya gaji da santsinsa, ko kana son kwalbar ta ɗauki wata shekara mai ma'ana, Armanyak ne. Domaine Boingnères a Le Frêche sun yi suna da Folle blanche; Delord na Lannepax; Château de Laubade a Sorbets ya fi girma amma har yanzu na iyali ne. Gidan Darroze a Roquefort ta Landes nasu salon dabam ne: suna bin ƙananan gonaki suna zaɓo ganguna, su sa kowace a kwalba da sunan gonarta da shekararta da ranar zubawa. Ga wanda ba shi da lokacin yawon ƙauyuka, wannan hanya ce mai sauƙi. Ni dai in an matsa mini, da kuɗi ɗaya a hannu, Armanyak mai shekara 20 zan ɗauka, don a nan kuɗi ya fi sayen tsufa.

Akwai na uku, Calvados na Normandi, amma shi da tuffa ake yi ba inabi ba, maganarsa ta wata rana ce.

In an sayo, saura kai shi gida. A jakar da ake aunawa ake sa shi, a naɗe da tufafi, kuma dokar jiragen sama ta tsaya a lita 5 ga mutum ɗaya. Wanda hanyarsa za ta bi ta Kano ko wata jihar da ke bin shari'a ya san dokar wurin, kada ya ja wa kansa magana da Hisba. A gida a tsaye ake ajiye kwalbar, ba a kwance kamar giyar inabi ba, don barasa mai ƙarfi na cin toshiyar. A nisanta ta da rana da bayan firji. Zafinmu da hunturu na busar da toshiya ta karye, don haka in an buɗe a sha cikin shekara guda ko biyu. Ƙaramin kofi mai tsukakken baki ya fi wannan ƙaton mai kamar ƙwarya da ake gani a talla, wanda ke tara barasa ya doki hanci. Ƙanƙara a kan ɗan shekara 25 kuwa, ni a wurina ɓarna ce. In zafi ya yi yawa, a sanyaya ɗakin.

Bayan mako biyu yaron ya sake kira, daga wata gona a Bas-Armagnac, ina jin kukan agwagi a bayansa. "Kawu, na 1958 akwai, amma kuɗinsa ya fi kuɗin hayata na wata." Na yi dariya na ce, "Yarinyar, wace shekara aka haife ta?" Ya ce 1998. Na ce ya tambayi mai gonar. Na ji suna magana da Faransanci, aka buɗe wata ƙofa mai ƙara, sannan ya dawo: akwai, Baco da Ugni blanc, kashi 46, har yanzu yana ganga, za a zuba masa a gabansa a rubuta ranar da hannu.

"Ka ɗanɗana?"

"Ta ɗiga mini a hannu, Kawu. Wallahi kamar maɗin Kaka."

Na ce ya karɓi biyu, ɗaya tawa ce.